Ƙudirinmu ya tsallake karatu na biyu, me ya hana shi zama doka?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a jihar Katsina. Shekara biyu ke nan da ɗan majalisarmu na tarayya ya sanar da mu cewa ƙudirin da ya kai na kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a mazaɓarmu ya tsallake karatu na biyu. Aka yi ta murna, har dattawan gari suka nuna filin da za a gina ta. Daga nan shiru kake ji. Don Allah a yi mana bayanin yadda ƙudiri yake zama doka a Majalisar Tarayya, a ina namu zai iya maƙalewa, kuma mu talakawa akwai abin da za mu iya yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ka tambaya: hanyar da ƙudiri ke bi, wurin da naku ya tsaya, da kuma abin da ke hannunku. Ni lauya ne, na yi shekaru ina aikin rubuta ƙudirori da rahotannin kwamiti ga 'yan majalisa a Abuja, don haka zan amsa maka da abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada, da kuma abin da idona ya gani. Bari in fara da maganar da ba za ta yi daɗi ba: karatu na biyu farkon tafiya ne. Ranar da kuka yi murna, ƙudirin bai ci ko sulusin hanyarsa ba, kuma wuraren da suka fi wuya duk suna gaba.

Kafin komai, akwai wani ruɗani da harshenmu ya jawo. A labaran rediyo ana kiran abubuwa biyu daban da suna ɗaya, wato ƙudiri. Akwai ƙudirin doka, wanda ake rubutawa sashe-sashe, ya bi matakai har Shugaban Ƙasa ya sa masa hannu. Akwai kuma ƙudirin jan hankali, wanda ɗan majalisa ke miƙewa ya gabatar a zama ɗaya, misali ya roƙi gwamnati ta gyara hanyar Funtuwa zuwa Gusau, a yi muhawara, a amince, a aika wa ma'aikatar da abin ya shafa. Wannan na biyun shawara ce kawai, ba ya tilasta wa kowa komai. Tunda an ce naku ya yi karatu na biyu, to ƙudirin doka ne, domin na jan hankali ba a yi masa karatu.

Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattawa na da sanatoci 109, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai na da mambobi 360. Sashe na 58 na kundin ya ce ƙudiri na iya fitowa daga kowane zaure, amma ba zai zama doka ba sai zaurukan biyu sun amince da shi, Shugaban Ƙasa kuma ya sa hannu, in ban da wata ƙofa guda da zan zo kanta. Sannan ba kowane batu ne majalisar ke da hurumin yi wa doka ba. Akwai jerin abubuwan da tarayya ce kaɗai ke da iko a kansu, irin su tsaro, kuɗin ƙasa, kwastan da ma'adinai, akwai kuma jerin da tarayya da jihohi suke tarayya a kansa. Ilimi mai zurfi yana cikin na biyun, don haka ta fuskar hurumi ƙudirinku ba shi da matsala.

Daga rubutu zuwa karatu na biyu

Ƙudirori iri biyu ne idan aka dubi inda suke fitowa. Na ɓangaren zartarwa yakan faro daga wata ma'aikata, Ma'aikatar Shari'a ta duba shi, Majalisar Zartarwa ta amince, sannan Shugaban Ƙasa ya aiko shi da wasiƙa, a karanta wasiƙar a zaurukan biyu. Na ɗan majalisa kuwa shi ne yake sa a rubuta masa, ya sa sunansa a kai. Ni da kai ba za mu iya kai ƙudiri zaure da kanmu ba, amma ƙungiya ko mutum ɗaya na iya rubuta shi ya nemi ɗan majalisar da zai ɗauka. Haka aka yi da dokar rage shekarun tsayawa takara: ƙungiyoyin matasa ne suka yi ta fafutuka, Tony Nwulu ya ɗauke ta a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako a ta Dattawa, har Shugaba Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu 2018.

Idan ƙudiri ya shiga, kwamitin tsara ayyukan majalisa ne yake karɓarsa, a ba shi lamba, a buga shi, a sa masa rana. Lambar na Majalisar Wakilai tana farawa da haruffan HB, ta na Dattawa da SB. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba. Karatu na farko ba komai ba ne illa Akawun zauren ya karanta sunan ƙudirin. Ba muhawara, ba ƙuri'a. A zama ɗaya ana iya yi wa ƙudirori masu yawa karatun farko cikin 'yan mintoci.

A karatu na biyu ne mai ƙudirin yake miƙewa ya yi bayanin dalilinsa, wani ya mara masa baya, a yi muhawara a kan manufar gaba ɗaya, ba a kan sassanta ba. Daga nan mai jagorantar zaman ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya saurari ɓangaren da muryarsa ta fi ƙarfi, ya buga guduma. Rinjaye kaɗan ya wadatar, muddin sulusin mambobi na zaune, kamar yadda sashe na 54 ya buƙata. Akwai ƙudirorin da suke faɗuwa a nan, kamar na daidaita dama tsakanin maza da mata da Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Maris na 2016, saboda wasu sanatoci sun ga ya ci karo da addini, musamman a maganar gado. Amma ƙudirin kafa makaranta ko asibiti a mazaɓar wani, da wuya ka ga an kayar da shi a wannan mataki. Kowane ɗan majalisa yana da irinsa a aljihu, in ka hana na wani yau, gobe naka ne a gaba. Shi ya sa tsallake karatu na biyu ga irin wannan ƙudiri ba ya nuna cewa majalisa ta ƙudura aniyar gina kwalejin. Abin da yake nunawa kawai shi ne ta yarda a je a duba maganar.

Kwamiti, inda yawanci ake kwana

Da an buga guduma sai a miƙa ƙudirin ga kwamitin da batun ya shafa, a ce ya kawo rahoto cikin wasu makonni, sau da yawa huɗu. In da zan yi hasashe ba tare da na ga takardunku ba, a nan zan fara neman naku. Wa'adin da ake bayarwa ba a cika riƙe shi ba, kuma ba kasafai ake tuhumar kwamiti don ya wuce shi ba.

Aikin kwamiti shi ne ya tsefe ƙudirin sashe bayan sashe, ya kuma shirya zaman jin ra'ayin jama'a. Wannan zama yana cin kuɗi: sai an buga sanarwa a jaridu, an tanadi zaure, an aika wa hukumomi takardun gayyata, an buga kwafe-kwafen ƙudirin, an biya masu haɗa rahoto. Kwamitin da ke kula da manyan makarantu yana iya samun ƙudirori da dama masu kama da naku a gabansa, kowanne daga wata mazaɓa, kuɗin da aka ware masa kuma ba zai ɗauki nauyin zama ɗaya-ɗaya ba. Sai ya tara su ya yi musu zama guda. Wanda mai shi yake bibiya, yana zuwa ofishin shugaban kwamiti, yana tuntuɓar akawun kwamiti, shi ne yake shiga jerin. Wanda mai shi ya samu abin da yake so, wato labarin da za a watsa a gida, ya juya ga wani abu, sai ya yi ta kwanciya a cikin fayil. Ba wanda ya kashe shi, ba kuma wanda ya tashe shi.

Na taɓa yin aiki a kan wani ƙudiri mai kyau ƙwarai, da ya shafi lafiyar mata masu juna biyu a karkara. Mun yi watanni muna gyara shi, ya tsallake karatu na biyu ba tare da ko mutum ɗaya ya ce a'a ba, aka yi zaman jin ra'ayi, likitoci da ungozomai suka zo suka yi bayanai masu ratsa zuciya. Rahoton ya kammala a hannunmu, amma ba a samu ranar gabatar da shi ba kafin a tafi dogon hutu, da aka dawo kuma hankalin kowa ya koma kan zaɓen fidda gwani. Har majalisar ta ƙare bai sake fitowa ba. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin ba adawa ce ta kayar da shi ba, rashin mai tsaya masa ne a makonnin da suka fi muhimmanci.

Kada wannan ya sa ka raina zaman jin ra'ayin jama'a. A duk tsawon hanyar, nan ne kaɗai aka buɗe wa mutumin da ba ɗan majalisa ba ƙofa ya shigo ya yi magana a rubuta. Kuma yana tasiri. Ƙudirin da Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo a 2019 don sa wa kafafen sada zumunta linzami ya tsallake karatu na biyu lafiya lau, amma a zaman jin ra'ayi na watan Maris 2020 mafi yawan waɗanda suka yi magana sun soke shi, bai kuma sake motsi ba. Ƙudirorin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya aika a watan Oktoba 2024 su ma misali ne da ya shafe mu kai tsaye. Gwamnonin Arewa da sarakuna sun ƙi tsarin rabon harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, da aka zo da shi tun farko, aka yi ta ja-in-ja da zaman sulhu, aka yi zaman jin ra'ayi a watan Fabrairu 2025. Abin da ya fito daga ƙarshe ya bambanta da abin da ya shiga: an bar harajin a kashi 7.5 cikin ɗari, kason jihohi kuma aka ce a raba rabinsa daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka yi amfani da kayan. An sa hannu ranar 26 ga Yuni 2025.

A irin zaman da za a yi wa naku, za a gayyaci Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna. Tambayoyin da za su yi sanannu ne. Jihar Katsina tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, me ya sa ake buƙatar wata? Ɗalibai nawa ne ke neman gurbi ba su samu? Nawa za a kashe a shekarun farko, daga ina kuɗin za su fito? Ƙudirin da ba a shirya wa waɗannan amsoshi ba yakan fita daga zaman da rauni.

Idan kwamiti ya gama, shugabansa ya ajiye rahoto a gaban zaure, sai a sa wata rana ta duba shi. A ranar, zauren gaba ɗaya yakan rikiɗe ya zama kwamiti, a sauke sandar majalisa daga mazauninta na sama, a Majalisar Wakilai Mataimakin Kakaki ya karɓi jagoranci. A bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ana tambaya ko wannan sashe ya tsaya a cikin ƙudirin, mai gyara ya kawo gyaransa. Bayan haka sai karatu na uku, wanda galibi ba ya ɗaukar lokaci. A nan ne za a ce Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin.

Zaure na biyu

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Akawun Majalisar Wakilai zai aika ƙudirin zuwa Majalisar Dattawa don neman amincewarta, can ma sai ya yi karatu uku. Akan taƙaita masa hanya, Shugaban Masu Rinjaye ya gabatar da shi, a wuce da shi kai tsaye zuwa duba sassa ba tare da sabon zaman jin ra'ayi ba. Sai dai ɗan majalisarku ba shi da kujera a wancan zaure, ba shi da bakin magana a cikinsa. In babu sanatan da ya ɗauki abin a matsayin nasa, ƙudirin zai bi layi ne a bayan wasu masu yawa. An sha jin 'yan Majalisar Wakilai suna ƙorafi a fili cewa ƙudirorinsu na jibge a Majalisar Dattawa ba a taɓa su ba. Wannan shi ne wuri na biyu da zan nemi naku.

Dole ne zaurukan biyu su amince da rubutu iri ɗaya, kalma da kalma. In an samu saɓani, kowane zaure yakan naɗa wakilai su zauna su daidaita, kuma aikinsu ya tsaya ne a kan wuraren da aka saɓa kawai. A dokar man fetur ta 2021, Majalisar Dattawa ta ce a ba al'ummomin da ake haƙo mai a yankunansu kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfanoni, ta Wakilai ta ce kashi 5. Kwamitin daidaitawa ya ɗauki kashi 3, aka yi hayaniya sosai a zaure kafin a amince. Daga nan Akawun Majalisar Tarayya ne yake haɗa tsabtataccen kwafi, ya sa hannu yana shaida cewa wannan shi ne ainihin abin da aka zartar, ya aika fadar Shugaban Ƙasa.

Teburin Shugaban Ƙasa

Kundin ya ba Shugaban Ƙasa kwana 30 daga ranar da ƙudiri ya isa gare shi, ya sa hannu ko ya bayyana cewa ba zai sa ba. A cikin kwanakin akan tura ƙudirin ga Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, da Ma'aikatar Kuɗi, da ma'aikatar da za ta aiwatar, kowa ya ba da shawara. Dalilan da ake bayarwa na ƙin sa hannu sukan maimaita kansu: babu kuɗi, ko aikin sabuwar hukumar ya yi karo da na wata da ke akwai, ko an yi kuskure a rubutun. Na ga ƙudirin da aka dawo da shi saboda wani sashe yana nuni ga sashen da babu shi a ciki. A 2018 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudirin kafa rundunar Peace Corps, ya kafa hujja da tsaro da kuma nauyin kuɗi. A watan Disamba 2021 ya dawo da ƙudirin dokar zaɓe saboda an tilasta wa jam'iyyu yin 'yar tinƙe wajen fidda ɗan takara. Majalisa ta gyara wurin, ta ƙara zaɓin wakilai da na maslaha, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022.

Mutane da yawa suna zaton in kwana 30 suka cika Shugaban Ƙasa bai ce komai ba, ƙudirin ya zama doka da kansa. A Amurka akwai irin wannan tanadi, bayan kwana 10 in majalisa na zama. A Najeriya babu. Shirun Shugaban Ƙasa ba ya haifar da doka. Ƙofar da ta rage ita ce ta sashe na 58(5): kowane zaure ya sake zartar da ƙudirin da rinjayen kashi biyu cikin uku, sai ya zama doka ba tare da sa hannun ba. An yi haka a shekarar 2000, lokacin da majalisa ta tsallake Shugaba Obasanjo ta kafa hukumar raya yankin Neja Dalta, NDDC. A shari'ar da ta taso kan dokar zaɓe ta 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fayyace cewa kashi biyu cikin ukun na dukan mambobi ne, ba na waɗanda suka halarta ba, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Tara wannan adadi a kan Shugaban Ƙasar da jam'iyyarsa ke da rinjaye abu ne mai wuyar gaske, kuma ba na jin za a yi shi saboda kwaleji guda.

Akwai wani abu da ya shafi naku musamman, wanda ya kamata ku sani. A watan Agusta 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dakatar da kafa sababbin jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na tarayya har tsawon shekara 7. Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce dalili shi ne makarantun sun yi yawa, wasu ba su da ɗalibai isassu, kuɗin kuma ba ya isar waɗanda ke ƙasa. Wannan matsaya ba ta ɗaure hannun majalisa ba, tana iya ci gaba da zartar da ƙudirinku. Amma ta nuna irin shawarar da ma'aikatar za ta bayar in ya isa tebur, kuma shugabannin kwamitoci sun san da haka, sai su rage himma a kan abin da suke ganin ba zai samu sa hannu ba.

A bayan duk wannan akwai agogon da ke tafiya. Rayuwar kowace majalisa shekara huɗu ce daga ranar zamanta na farko. Majalisa ta 10, wadda ƙudirinku ke gabanta, ta fara ranar 13 ga Yuni 2023, za ta ƙare a Yunin 2027. Ƙudirin da bai kammala ba kafin nan ya faɗi, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Dokokin Majalisar Wakilai sun yi rangwame ga wanda zauren ya riga ya zartar a baya, ana iya dawo da shi a taƙaita masa hanya, amma wanda ya kwana a kwamiti daga farko zai faro. Kuma shekara huɗun ba cikakku ba ne: zaman zaure Talata, Laraba da Alhamis ne, akwai dogon hutu daga wajajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, watannin kasafin kuɗi suna cinye nasu, shekarar ƙarshe kuma ta siyasa ce.

Kada ka ɗauka hanyar ce take da tsawo a kan kanta. Ƙudirin dawo da tsohon taken ƙasa ya yi karatu uku a Majalisar Wakilai a rana ɗaya, 23 ga Mayu 2024, Majalisar Dattawa ta zartar ranar 28, aka sa hannu ranar 29. Na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya wuce zaurukan biyu a yini guda a watan Yulin shekarar. A ɗaya gefen, ƙudirin man fetur ya fara shiga majalisa a 2008 zamanin Shugaba 'Yar'aduwa, bai zama doka ba sai ranar 16 ga Agusta 2021. Na 'yancin samun bayanai ya shiga tun 1999, majalisa ta zartar a 2007, Obasanjo bai sa hannu ba, sai a ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Jonathan ya sa. Matakan duk ɗaya ne. Bambancin shi ne wanda yake turawa da kuma wanda yake tarewa. Ni a ganina saurin da ya wuce kima ma cuta ne, domin dokar da za ta hau kan mutum fiye da miliyan 200 ta cancanci a saurari masu ita kafin a buga guduma. Amma misalan sun nuna cewa in ana so, ana iyawa.

Ko da an sa hannu

Mu ɗauka komai ya tafi daidai, an sa hannu, an buga dokar a jaridar gwamnati da ake kira gazet. Abin da kuka samu shi ne kwaleji a takarda: suna, hukumar gudanarwa, ikon ɗaukar ma'aikata da ba da shaidar karatu. Tubali ko ɗaya ba zai hau ba sai an sa mata kuɗi a kasafi, kasafin kuma wani ƙudiri ne daban, wanda Shugaban Ƙasa ne yake gabatar da shi kowace shekara bisa sashe na 81. Sai an naɗa shugaban kwalejin, an ba da kuɗin soma aiki, NBTE ta zo ta tantance kwasa-kwasai. Ko bayan an sa kuɗin a kasafi, sakinsu wani yaƙi ne. Shi ya sa nake ba dattawanku shawara kada su hana masu filin nomansu tun yanzu.

Gyaran kundin tsarin mulki shi kuma hanyarsa ta fi wannan tsauri, ina ambatonsa ne kawai don kada a haɗa su: yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukan mambobin kowane zaure, da amincewar majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36.

Abin da ke hannunku

Ban ga ƙudirinku ba, don haka ba zan iya ce maka ga takamaiman inda yake ba, ba kuma zan ɗora wa ɗan majalisarku laifi ba tare da na ji daga gare shi ba. Yana yiwuwa ya yi iya ƙoƙarinsa, abin ya fi ƙarfinsa. Haka nan ƙananan dokokin zaure ana yi musu kwaskwarima daga majalisa zuwa majalisa, abin da ba ya canzawa shi ne tanadin kundin. Amma gano gaskiyar lamarin ba shi da wuya. Ku nemi lambar ƙudirin, wadda ke farawa da HB. Da ita za ku iya bincika matsayinsa a shafin intanet na Majalisar Tarayya, ko a na cibiyar PLAC da ke Abuja, wadda take bin diddigin ƙudirori tana wallafa matakin da kowanne ya kai.

In kun tarar yana kwamiti, ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar ci gaban garinku zuwa ga shugaban kwamitin, ta hannun akawunsa, ku ba ɗan majalisarku kwafi. Kada ta zama ta roƙo da kirari. Kai malami ne, kana da abin da kwamitin ba shi da shi: yawan sakandaren da ke yankin, ɗaliban da ke kammalawa kowace shekara, nawa ne cikinsu suke samun gurbin gaba, nisan da ke tsakaninku da kwaleji mafi kusa, da sana'o'in da yankin ke buƙata. Takarda mai shafi biyu da alƙaluma na gaskiya ta fi tawagar mutum hamsin da suka zo gaisuwa. Na ga yadda irin wannan takarda take shiga rahoton kwamiti kusan yadda aka rubuta ta, saboda masu haɗa rahoton suna neman hujjar da za su jingina da ita. In an sa ranar jin ra'ayi, ku tura mutum biyu ko uku da suka san batun. Harkar majalisa da Turanci ake yinta, duk da sashe na 55 ya ce za a iya yi da Hausa, Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace, saboda haka ku rubuta da Turanci, ku kuma karanta wa jama'arku fassararta kafin a sa hannu.

In kuwa ya riga ya wuce zuwa Majalisar Dattawa, to sanatanku ne abokin maganarku, shi za ku je wa da lambar ƙudirin ku nemi ya bi ta kwamitin tsara ayyuka a sa masa rana.

Ina kuma ba ku shawara ku buɗe wata hanyar a gefe, ganin dakatarwar shekara 7 da na ambata. Abin da kuke so a zahiri shi ne 'ya'yanku su samu ilimin fasaha kusa da gida. Reshen wata kwaleji da ke akwai, ta tarayya ko ta jiha irin ta Hassan Usman Katsina, ko cibiyar koyon sana'a da za a sa a kasafi a matsayin aikin mazaɓa, sau da yawa ba sa buƙatar sabuwar doka daga Abuja, yardar hukumar makarantar da ta masu sa ido da kuma kuɗi suke buƙata. Ku tattauna wannan da ɗan majalisar a zama ɗaya da maganar ƙudirin.

Ranar da kuka zauna da shi, cikin girmamawa, ku tambaye shi lambar ƙudirin, da sunan kwamitin da aka miƙa wa, ko an yi zaman jin ra'ayi da ranar da aka yi, ko an ajiye rahoto a zaure, da sunan sanatan da zai karɓe shi a ɗaya ɓangaren. In kun samu amsoshin, Malam, ka sake rubuto mini tare da lambar, sai mu duba matakin da ya fi dacewa ku ɗauka kafin Yunin 2027.